Gindin Jarka a Gaban Kyamara

Tun tana goye ake ce mata Tsigi. Kakarta ce ta raɗa mata, ranar da ta ɗaga ta ta ji kamar ba ta ɗauki komai ba, ta ce, "Wannan ai ba mutum kuka haifa ba, tsigi ce," wato 'yar tsuntsuwar nan da ba ta cika tafin hannu. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta jami'a, har wurin aiki bai bar ta ba. A dangi in ka ambaci sunanta na yanka sai an tsaya tunani kafin a gane wa kake nufi.

Babansu mai gyaran keken ɗinki ne, shagonsa na manne da gidan, ƙamshin man keke har tsakar gida. Tsigi ce ta tsakiya cikin 'ya'yansa, kuma ita ce wadda ba a aikenta in ana sauri. A aike ta sayo allura, sai a tarar da ita tsugune a bakin kwata tana kallon 'ya'yan kwaɗi, kuɗin na damƙe a hannunta. Da an yi mata faɗa sai ta ce, "Inna, jiya ba su da ƙafa, yau sun yi." Inna ta riƙe haɓa ta ce Allah ya shirya.

Aiki ɗaya ne ba ta taɓa yi wa wasa ba. A gindin katangar gidan akwai wata tsohuwar tasa, duk ta lotse, wadda ba ta rabuwa da ruwa. Tsuntsaye na sha, ƙadangaru na sha, kyanwar maƙwabta ma ta nan take bi. Dokar Inna ce: mai rai ba ya ratsa gidanta da ƙishi. Tun Tsigi ba ta iya ɗaura zani ba aka ɗora mata cika tasar nan kafin ta tafi makaranta. Dukan da Inna ta taɓa yi mata a duniya, wanda har yau ake ba da labarinsa, a kan ranar da ta manta ne. Daga nan abin ya shiga hannunta, yadda mutum ke rufe ƙofa in ya fita ba tare da ya yi shawara da kansa ba.

Da ta shiga jami'a ta ce ilimin halittu za ta karanta, gida duka aka ɗauka likita za a samu. Kawu, ƙanin Inna, mai sayar da tayar mota, har nannaɗe hannun riga ya yi ya nuna mata wasu ƙuraje. Ta ce masa ita fa dabbobin daji take karantawa. Ya ce, "To ai ni ma uwarki ta sha ce min dabba, duba min." Bayan ta gama ta daɗe a gida, tana taya Baba goge ƙarafa, tana aika takardun neman aiki kamar mai jefa tsakuwa a rijiya. Ƙannenta suka fara yi mata kallon tausayi, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Sai ga kira daga wani ƙaramin ofis na masu binciken muhalli.

Ofishin a saman wani shagon fenti yake. Taswira ta rufe bango ɗaya, takalman shiga daji jere a ƙasa, ga firiji an manna masa gargaɗi cewa kada wanda ya sa abinci a ciki. Fanka na kaɗa takardu, saboda haka kowane tebur da dutsen da ake danne su. Shugabar wurin doguwar mace ce da rana ta gasa, tabarau rataye a wuyanta da igiya. Kowa Malama yake ce mata. Maganarta a gutsure take, kamar ana sayar mata da kalmomi.

"Gwaji ne," in ji ta. "Ƙarshen rani zan duba aikin kowa. Wanda nasa ya yi tsabta ya zauna. Wanda bai yi ba ya kama gabansa."

Ta nuna taswira da bayan biro. Wani kamfani ne zai haƙi ma'adini a jikin wani tsauni, zai kuma shimfiɗa hanyar manyan motoci ta bayansa. Doka ta ce kafin a sa diga sai an san abin da ke rayuwa a wurin. Aikinsu ke nan.

Tsigi ta ɗaga hannu kamar a aji. "Malama, in mun samu dabbobin, sai a dakatar da haƙar?"

"Ba lallai ba."

"In ba mu samu ba fa?"

"Sai a haƙa."

"To... mu wa muke yi wa aiki? Dabbobin ko kamfanin?"

"Kamfani ke biyanmu. Hukuma ke karanta rahotonmu. Dabbobin ba su san muna yi ba. Zaɓi takalmi."

Ta zaɓa, ta koma gida da tambayarta a ciki. Da ta yi ƙoƙarin bayyana aikin, Inna cizo kawai ta ji, ta shiga lissafa macizai. Kawu kuwa ya tafa hannu ya ce, "Na gane! Ƙidayar jama'a ce, amma ta ƙadangaru. In kin je ki gaishe min da mai unguwarsu."

Aikin dajin ya fi yadda ta zata gajiya, ya kuma fi shiru. Direba ke kai su, wani dattijo mai tumbi da ke ce mata Malama Ƙarama. Tsoron maciji ya hana shi taka ciyawa, saboda haka yana ajiye su sai ya ɗaga gilashi rabi ya kunna rediyo. Su kuwa sai su bi layi miƙe, yadda na'urar hannu ta nuna, ƙaya ko ba ƙaya, ba ratsewa. In ta ga kashin dabba ta tsuguna ta ajiye ma'auni a gefensa ta ɗauki hoto. In ta ga sawu, haka. Gashin tsuntsu, rami, ƙashi, duk a rubuta. Wata rana tana tsugune tana awon kashin zomo ta tuna bikin da aka yi mata ranar karɓar digiri, dariya ta kama ta ita kaɗai a tsakiyar daji.

Sai kuma kyamarori. Ƙananan akwatuna ne masu launin ɓawon itace, ana ɗaure su a jikin bishiya daidai gwiwa. Duk abin da ya motsa a gabansu, dare ko rana, sai su ɗauka. Aikin mutum shi ne ya riƙa zagayowa yana sauya batir, yana kwashe hotuna. Malama ta ja musu kunne tun ranar farko. "Ba tarko muke ɗanawa ba. Kada in ji an sa nama, ko hatsi, ko wani abinci a gaban kyamara." Tsigi ta riƙe wannan da hannu biyu. Ko biskit ba ta ci kusa da su, don kada ɓurɓushi ya zuba.

An raba wa kowa yankinsa. Nata ya faɗo a bayan tsaunin, inda hanyar za ta bi, wuri busasshe ƙayau, bishiyoyi jefi-jefi. Duk ƙarshen mako ana taruwa a ofis a duba hotuna. Abokan aikinta da suka samu gefen kwari suna da birai, da zabin daji, har da wata beguwa da ta tsaya kamar ta san ana ɗaukarta. In aka zo kan na Tsigi sai ciyawa. Iska ta kaɗa ciyawa, kyamara ta ɗauka. Ciyawa ta kwanta hagu, ciyawa ta kwanta dama. Hancin wata saniya. Gwiwar Tsigi kanta. Wani mai gemu a cikinsu ya ce, "Madalla, an gano sabuwar dabba mai wando." Aka yi dariya, ita ma ta yi ta yaƙe.

Ta tsaya bayan kowa ya watse. "Malama, ban samo komai ba."

"Babu ma sakamako ne," in ji Malama, ba ta ko ɗago ba.

Tsigi ta yi ta juya wannan magana a mota har gida. Yaya za a yi babu ta zama sakamako? In aka aike ka kasuwa ka dawo hannu rabbana, wa zai ce ka yi aike? Ta yanke cewa irin maganar nan ce ta manya, wadda ake lallashin mutum da ita kafin a nuna masa ƙofa.

Abin ya faru a tsakiyar zafi, lokacin da ƙarfen mota ke ƙona hannu. Ta je sauya batir a gindin wata bishiya, ita kaɗai ce mai inuwa a wannan fili. Tana durƙushe sai ta ga wata kurciya a ƙasa, baki buɗe, fikafikai a sake, maƙogwaronta na rawa. Ko tashi ba ta yi ba da ta ga mutum. Tsigi ba ta yi wani tunani ba. Ta koma mota, ta ɗauki wata jarkar roba rawaya da ta fashe a wuya, ta yanke gindinta da wuƙa, ta kawo ta girke a inuwa, ta tokare da duwatsu, ta tsiyaya ruwa daga gorarta. Inuwar kuwa ita ce inda kyamarar ke fuskanta, amma ko kallon kyamarar ba ta yi ba. A wurinta ruwa ba abinci ba ne, ba kuma tarko ba ne. Ruwa ruwa ne. Abin da ake ajiyewa ne kawai, in akwai shi.

Da ta dawo zagaye na gaba ta tarar robar ƙaf, sai ta sake cikawa. Sannan ta ga ba a yi wa wani a bar wani, ta yanka wasu robobin ta kai sauran bishiyoyinta.

"Malama Ƙarama, ke raƙumi ce?" in ji Direba, ganin yadda ruwan mota ke ƙarewa.

"Tsuntsaye nake ba wa, Baba."

"Af, to. Allah ya ba da lada. Gobe in ƙaro jarka."

Ba a jima ba ciyawar Tsigi ta fara haihuwa. Fakara ta bayyana, zomo ya bayyana, dila ya zo da asuba yana waige-waige. Mai gemu ya daina tsokana. A ƙaramin allon kwamfutar ofis robar ba ta fita sosai, tana can ƙasan hoto, ciyawa ta kare rabinta, rubutun kwanan wata ya danne sauran. Ba wanda ya lura, ita kuwa ba ta ga abin faɗa ba. Wa ke zuwa ofis ya ba da labarin ya rufe ƙofa?

Ran nan aka danna hoto na gaba, kowa ya matso gaban allon. Barewa ce, tsaye, kanta a ƙasa. A bayanta ga ɗanta, ƙafafu kamar tsinke. Malama ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa.

"Kin san abin da kika samo?"

"Barewa, Malama."

"An daɗe ana cewa sun ƙare a yankin nan. Doka na kare su. Ga kuma ɗa, wato a nan suke haihuwa. In haka ne, hanyar nan sai ta kewaya." Ta dubi Tsigi, ta ce abin da ba a taɓa jin ta ce wa kowa ba: "Aikinki ya yi kyau."

A gida an sha murna ko da ba a gane dalilinta ba. Inna ta tambaya ko an kamo barewar. Da aka ce a'a, hoto ne, ta ce, "To ai shi ke nan, tunda su sun ji daɗi."

Malama ta tafi da ita taron da aka yi a ofishin kamfanin, don ta ga yadda ake yi. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa, da dogon tebur mai sheƙi, kowa da robar ruwa a gabansa. Tsigi ta zauna a ƙarshe, ta ɓoye farcenta da ƙasa ta shiga. Aka haska hoton a bango, barewar ta zama ƙatuwa kamar doki. Injiniyan kamfanin mutum ne mai fara'a, furfura a gefen kai. Ya daɗe yana kallo, har ya ce kai, halittar Allah da kyau take. Sannan ya karkata kai.

"Me take yi da kanta a ƙasa? Kiwo take?"

Aka ƙara girman wurin. Ga abu rawaya, baki a yanke karkace.

"Wannan kuma wa ya jefar da shara a nan?"

Tsigi ta miƙe, don ba ta so a zaci yankinta da ƙazanta. "Ba shara ba ce, ranka ya daɗe. Ni na ajiye. Ruwa ne."

"Ruwa?"

"E. Wurin ba ruwa ko kaɗan. Duk zuwa nake cika musu."

Ta faɗa tana murmushi, tana jiran irin amsar Direba. Ba wanda ya ce Allah ya ba da lada. Injiniya ya ajiye bironsa a hankali ya dubi Malama, Malama kuwa ta dubi tebur.

"To, Malama," in ji shi, cikin ladabi ƙwarai, "ni ma in na ajiye ruwa a ƙofar ofishin nan da zafin nan, wa ya san wanda zai zo? Sai mu kewaya da ofishin?"

Malama ta yi gaba suka sauko. Sai a gindin matattakala ta tsaya ta juyo.

"Me na ce muku ranar farko?"

"Kada a sa abinci, Malama. Wallahi ban taɓa sa ko ƙwayar hatsi ba."

"Ruwa fa?"

"Ruwa ai... Malama, barewar ƙarya ce?"

"Gaskiya ce."

"Ɗanta fa?"

"Shi ma."

"To ai suna nan ke nan."

"Suna nan ranar da kika kira su. An aike mu mu gano wa ke zaune a wurin, ke kuma kin buɗe wurin shan ruwa. Yanzu ban san ko gidansu ne ba, ko daga nesa suka biyo ƙamshin ruwanki. Ke ma ba ki sani ba. Injiniyan ma bai sani ba, amma shi rashin sanin ya yi masa daɗi."

"Da na bar su da ƙishi?"

"Da kin bar wurin yadda kika same shi."

Tsigi ta shiga lissafi a ranta. Ta taimaki barewa, taimakon kuma shi zai sa a bi ta kan gidanta da manyan motoci. Da ta ƙyale ta da ƙishi, da wataƙila ba a gan ta ba sam, a bi ta kan gidan nata dai. Ta ko'ina ta biyo sai ta tarar da motocin.

"Duk hotunanki tun daga ranar da kika sa ruwa an soke su," in ji Malama. "Gobe ki kwashe robobin, kaf. Mu bar wurin ya huce, su manta. Sannan a sake ɗauka, in damina ta bari. Ruwan sama na sauka an rufe aiki."

"Maganar zamana fa, Malama?"

"Na ce ƙarshen rani."

Da labari ya isa gida, Inna ta zari mayafi. "A kan ruwa? A kan ruwa za su kori 'yata? Nuna min ofishin. In tambayi matar nan ko ita ba ta jin ƙishi."

"Inna, don Allah zauna."

"Ba ta yi sata ba, ba ta zagi kowa ba. Ta shayar da bayin Allah!"

Kawu, wanda ya zo daidai lokacin cin abinci kamar kullum, ya ce, "Yaya, ba ki gane ba. Laifin barewar ne, ta zo sha ba ta taho da shaidar zama ɗan gari ba."

"Rufe min baki, kai kuma."

Baba na gefe yana goge wani ƙaramin ƙarfe da tsumma. Bai cika sa baki a hayaniya ba. Can ya ce, "In aka kawo min keke yana ƙara, ba na zuba masa mai sai na saurari ƙarar tukuna. In na riga na zuba, ya yi shiru, ban san ciwonsa ba."

Tsigi ta ɗago. Kamar ta hango bakin zaren.

"Keke ba ya jin ƙishi," in ji Inna.

Zaren ya sake ɓacewa. Ta ga Baba da gaskiya, ta ga Inna da gaskiya, ga kuma Malama can da tata, kuma gaskiyoyin nan sun ƙi zama a tabarma ɗaya.

Kwashe robobin shi ne aiki mafi wuya da ta taɓa yi. A gindin bishiyar farko ƙasa duk ta tattake da sawu, manya da ƙanana, wasu sababbi fil. Ta ɗaga robar, ƙasan wurin da ɗan danshi, tururuwa suka watse. Kurciyoyi na kan reshe suna kallonta, sun saba in ta zo ruwa ya zo. Gorarta cike take a kafaɗa. Ta tsaya da ita har hannunta ya kai kan murfin, sannan ta juya da sauri kamar wadda aka kora. Da ta jibge robobin a bayan mota Direba ya leƙa ta madubi, ya rage ƙarar rediyo, ya ja mota suka nufi gari.

Daga nan sai jira. Ta ci gaba da bin layi tana awon kashi, tana kallon gabas inda hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Hotunanta suka koma ciyawa. Wannan karon mai gemu bai yi tsokana ba, shirunsa kuma ya fi tsokanar nauyi. A gida ƙannenta suka dawo da kallon nan nasu na da.

An yi yayyafin farko ranar da ta kwaso hotunan ƙarshe. Ta zauna a ofis tana dannawa, ciyawa, ciyawa, ciyawa. Sai ga wani da aka ɗauka da sanyin safiya, haske bai gama fitowa ba. A gefen dama, abu na fita daga hoton: ƙafar baya ɗaya, siririya, da ɗan sashen cinya, duk a dushe saboda gudu. Ba kai, ba ƙaho, ba wutsiya. Ta ce a ranta, barewa ce. Sai kuma ta tuna makiyaya kan ratsa ta wannan gefen da awakinsu, har ta sha ganin kashinsu. Ta ƙara girman hoton har ya zama dabbare-dabbare, ta rage, ta karkata kai, ta rufe ido ɗaya. In ta so barewa sai ta ga barewa. In ta ji tsoro sai ta ga akuya.

Washegari Malama ta kira ta ita kaɗai, hoton na buɗe a gabanta.

"Zauna. Mene ne wannan?"

Tsigi ta san abin da kalma ɗaya za ta yi mata. In ta ce barewa, to ruwanta bai yi ƙarya ba, Injiniya ya sha kunya, hanya ta kewaya, ita kuma ta zauna. Kuma ba wanda zai iya rantsewa ba barewar ba ce. Ta buɗe baki da niyyar faɗa, har harshenta ya ɗauko kalmar.

"Ban sani ba, Malama."

"Duba da kyau."

"Tun jiya nake dubawa. Ƙafar ta yi siririn barewa, amma akwai awaki masu irin wannan. Ina so ta zama barewa, shi ya sa ma ban yarda da idona ba. Ban sani ba."

Ta sunkuyar da kai tana jiran a ce ta ajiye takalmin mutane. Malama ta daɗe tana kallon allon.

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. Ta jawo madannin kwamfuta ta rubuta a ƙarƙashin hoton cewa ba a tantance ba.

Ta gaya mata abin da rahoton zai ce: an ga barewa da ɗanta, amma a lokacin da aka ajiye ruwa, kuma kuskuren ofishinsu ne. Bayan an kwashe ruwan ba a tabbatar ba. Suna ba da shawara a sake dubawa bayan damina kafin a taɓa wannan gefen. Ko hukuma za ta saurara, wannan ba a hannunsu yake ba. Daga baya dai an yi hanyar, an ɗan karkata ta. Wasu suka ce saboda rahoton ne, wasu suka ce ƙasar wurin ce ke zaftarewa. Tsigi ba ta taɓa samun wanda ya tabbatar mata ba.

"Aiki na gaba a bakin kogi ne," in ji Malama, tana tattara takardu. "Za a gina madatsar ruwa. Kwaɗi za ku saurara. Farkon mako ki zo da wuri."

Tsigi ta ɗago kai. "Wato... ba a kore ni ba?"

"Wanda aka kora ana ce masa ya zo da wuri?"

"Amma Malama, na ɓata aikin rani guda. Kuma yanzu kin tambaye ni na kasa amsawa."

"Kin amsa. Ja min ƙofar in kin fita."

Ta sauko a hankali, tana riƙe da ƙarfen matattakala. Lokacin da ta kawo barewa sukutum da ɗanta, saura ƙiris a kore ta. Yau da ta kawo ƙafa ɗaya da ban sani ba, an ce ta zauna. Ta tsaya a ƙofar shagon fenti tana ƙoƙarin jera abin a kanta, ya ƙi jeruwa.

Direba na jingine da mota yana goge gilashi. "Malama Ƙarama, yaya? An riƙe ki ko an sallame ki?"

"An riƙe ni, Baba."

"Alhamdu lillahi! To wannan fuskar ta mece ce, kamar an aiko miki da rasuwa?"

Ta ciro wayarta, ta nemo hoton da ta ɗauka daga allon, ta miƙa masa. "Don Allah duba min. Ƙafar mece ce wannan?"

Ya karɓa, ya nesanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya juya wayar a kwance.

"Akuya ce," in ji shi. Ya sake dubawa. "Ko barewa. Ke, ni da ko sauka ba na yi? Shiga mota in sauke ki, hadarin nan ba zai jira mu ba."